Ranar Da Kaza Ke Fara Cin Ribarka: Lissafin Girma Da Na Ƙwayoyin Cikin Hanji

Mutanenmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna ta tambaya kan kiwon buroila.

Tambayar da ta fi yawa ita ce: "Sati nawa zan riƙe kajina kafin in sayar?" Wani ya ce shida, wani ya ce takwas, wani kuma ya ce a riƙe har sai Sallah ta zo kuɗi ya tashi. Gaskiyar magana, babu wanda zai ba ka wannan amsa daga nesa. Amma akwai lissafin da zai ba ka ita, kuma ba lissafin jami'a ba ne. Sikeli, littafin rubutu da biro sun isa.

Masana kiwo suna da abin da suke kira samfurin lissafi. Kar sunan ya tsorata ka. Tela ba ya buƙatar ya zauna da kai wata guda kafin ya ɗinka maka riga, awo huɗu ko biyar zai ɗauka, daga nan ya san yadin da zai yanka. To haka samfurin lissafi yake. Ana ɗaukar 'yan alƙaluma daga jikin dabba, nauyinta, abin da ta ci, kwanakinta, zafin ɗakin da take, a haɗa su cikin ƙa'ida ɗaya da za ta faɗa maka abin da zai faru mako mai zuwa tun bai faru ba.

Mu fara da girman kaza.

Ɗan tsakon buroila yana zuwa da nauyin giram 40 da ɗoriya. Idan ka riƙa auna shi kowane mako kana ɗiga alama a takarda, za ka ga layin ba miƙaƙƙe ba ne. Yana farawa a hankali, sai ya miƙe sama da gudu, sannan ya fara kwantawa, kamar harafin S da aka ja. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Benjamin Gompertz ne ya rubuta ƙa'idar wannan lanƙwasa a 1825. Abin dariya, shi ba kaji yake nazari ba, lissafin mutuwar mutane yake yi, irin wanda kamfanonin inshora ke buƙata. Daga baya aka gano ƙa'idar tasa ta dace da girman kaza, rago, saniya har da kifi. A ƙa'idar Gompertz, dabba tana kai ƙololuwar saurin girmanta ne lokacin da ta kai kusan kashi 37 cikin 100 na nauyin da za ta kai in ta gama girma. Daga nan girman bai tsaya ba, amma abin da take ƙarawa kullum raguwa yake yi. A buroila wannan wuri yakan faɗo ne wajen sati na biyar zuwa na shida.

Cin abinci kuwa ba ya raguwa. Ƙaruwa ma yake yi. Nan ne matsalar take.

Dalili biyu ne. Na farko, kafin kaza ta ƙara ko giram ɗaya, sai ta fara biyan kuɗin zaman duniya: numfashi, bugun zuciya, ɗumin jiki, tsayuwa da zama. Wani masani, Max Kleiber, ya nuna a 1932 cewa wannan buƙata tana tashi tare da nauyi bisa wani ma'auni sananne. A sauƙaƙe, idan nauyin dabba ya ninka biyu, abincin da take buƙata don kawai ta rayu yana ƙaruwa da kusan kashi 68 cikin 100. Kaza mai kilo uku tana cinye kaso mai tsoka na abincinta ba tare da ka ga komai a sikeli ba. Na biyu, ƙaramar kaza tsoka take ginawa, tsoka kuma kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, ruwa kuwa kusan kyauta ne. Babbar kaza ta fara tara kitse, kitse kuma ba ya ɗaukar ruwa sosai, abinci zalla yake ci. Shi ya sa kilo na farko ya fi arha, na uku ya fi tsada.

Yawancinmu mun san FCR, wato kilo nawa na abinci kaza ta ci kafin ta ba da kilo ɗaya na nauyi. Inda ake yin kuskure shi ne a lissafa shi a dunƙule daga ranar farko zuwa yau. Wannan adadin yana ɓoye gaskiya, don arhar makonnin farko tana rufa wa tsadar makonnin ƙarshe asiri. Abin da ya kamata ka duba shi ne FCR na mako ɗaya kaɗai, makon da kake ciki.

Ga misali, kuma alƙaluman na misali ne, kowa ya sa farashin kasuwarsa. Mu ce buhun finisha mai kilo 25 naira 25,000 ne, wato kilo ɗaya naira 1,000. Mu ce kuma idan ka raba kuɗin da ake sayen kazarka da nauyinta, kilo ɗaya yana kamawa naira 3,000.

A sati na biyar kaza ta ci kilo 1.1, ta ƙara giram 550. Ka kashe 1,100, ka samu ƙarin 1,650. Riba 550.

A sati na bakwai ta ci kilo 1.4, ta ƙara giram 500. Ka kashe 1,400, ka samu 1,500. Ribar ta dawo naira 100.

A sati na takwas ta ci kilo 1.5, ta ƙara giram 450. Ka kashe 1,500, ka samu 1,350. Ka fara faɗuwa da 150.

A sati na tara ta ci kilo 1.55, ta ƙara giram 350. Faɗuwa 500 a kan kowace kaza. In kaji 100 gare ka, naira 50,000 ke nan a mako guda, alhali kajin suna nan lafiya lau, sun yi ɓul-ɓul, duk wanda ya leƙo sai ya ce masha Allah.

Ƙa'idar a taƙaice: raba farashin kilo ɗaya na kaza da farashin kilo ɗaya na abinci. A misalinmu 3 ne. Ranar da FCR na mako ya haura wannan adadi, kazar ta daina yi maka aiki, kai ne kake yi mata. Kuma ban ma sa kuɗin magani, ruwa, da haɗarin mutuwa ba. Babbar buroila ɗaya da zafi ya kashe a sati na takwas ta tafi da duk abincin da ta ci tun ranar farko.

Na san wani zai ce ai a kasuwanninmu ba a kilo ake sayen kaza ba, ɗagawa ake yi a ji nauyinta a hannu a yi tayi. Haka ne, kuma wannan ƙarin dalili ne na yin lissafin. Mai saye da ido ba lallai ya biya ka bambancin kilo 2.6 da kilo 3 ba. Mai gashi da mai sayar da abinci ma sau da yawa matsakaiciya suke so, wadda za su yanka su ci riba. Jiran Sallah ko Kirsimeti ba laifi ba ne, amma ka lissafa: ƙarin kuɗin da kake sa ran samu a kan kowace kaza ya fi abin da za ta ci a kwanakin jiran? In bai fi ba, sayar. Hanya mafi kyau ma ita ce ka ƙirgo baya daga ranar bikin, ka ɗauko tsaki sati shida zuwa bakwai kafin ta.

A yankinmu akwai wani abu da littattafan Turawa ba su sani ba. Mun ga yadda matsalar tsaro ke rufe hanya ko ta tsayar da kasuwa, kuma ba mu manta 2021 ba da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Katsina, har da namu uku. Manomin masara zai iya rufe buhunansa a ɗaki ya jira Dandume ko Sheme ta yi kyau. Kaza ba ta jira, ci take yi kullum. Don haka ra'ayina, mai kiwo a Sabuwa ko Faskari ya nemi mai saye tun kajin suna sati huɗu, kuma gara ya yi kashi biyu na kaji hamsin-hamsin da tazarar sati uku, da ya zuba ɗari a lokaci guda su nuna rana ɗaya.

Yanzu mu shiga ciki, don lanƙwasar da muka yi magana a kai ba kazar kaɗai ke zana ta ba.

Duk wanda ya taɓa gyara kaza ya ga wasu 'yan hanji guda biyu kusa da ƙarshe, masu toshewar baki kamar jaka. A cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya da yawansu ke kai biliyoyi a cikin giram ɗaya kacal. Mafi yawansu ba cuta ba ne, ma'aikata ne. Suna sarrafa ragowar abincin da kazar ta kasa narkarwa, suna fitar da sinadaran da bangon hanji ke amfani da su, suna kuma tare wuri don miyagun ƙwayoyi su rasa masauki. Wannan kashin mai ruwan ƙasa, mai danƙo da wari, da kaza kan yi jefi-jefi a rana, daga nan yake fitowa, kuma ba ciwo ba ne. Mutane da yawa na ganinsa su ruga kemis.

Lissafin waɗannan ƙwayoyi ninki ne, ba ƙari ba. Bakteriyar E. coli, in ta samu ɗumi da abinci yadda take so, tana rabewa biyu duk minti 20. Ɗaya ta zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas. A awa takwas an yi ninki 24, ƙwaya ɗaya ta haura miliyan 16. Yanzu ka tuna mazubin ruwan kajinka a watan Afrilu, ruwan ya yi ɗumi, ka zuba gulukos ko bitamin, ga ɓurɓushin abinci daga bakinsu, ga kashi ya faɗa ciki. Ba za su kai saurin ɗakin gwaji ba, amma ko rabinsa suka yi ya isa. Shi ya sa ruwan da aka sa wa gulukos bai kamata ya wuni ba, kuma ɗauraye mazubi ba wanki ba ne, sai an goge santsin nan da ke manne a jiki.

To me ya hana su cika duniya? Abinci. Wani Bafaranshe, Jacques Monod, ya yi wannan nazari a farkon shekarun 1940, yana kiwon bakteriya a ruwan sukari. Ya gano saurin haihuwarsu yana bin yawan abincin da ke gabansu: in abinci kaɗan ne suna tafiya a hankali, in ya ƙaru su ƙara gudu, har su kai iyakar da ba sa wucewa. Har yau ƙa'idarsa na cikin waɗanda ake gina samfurin hanjin kaza da tumbin saniya a kansu. Amfaninta gare mu shi ne, kowane irin ƙwaya yana da abincin da ya fi so, don haka abin da ka zuba a mazubi shi ke zaɓar wanda zai yi mulki a hanji.

Masu haɗa abinci da kansu, nan ku saurara, tunda Allah ya hore mana masara da waken suya a wannan yanki. Abinci yana ratsa cikin kaza cikin 'yan awoyi kaɗan. Duk furotin da ba ta narkar ba a wannan ɗan lokaci yana gangarawa ƙarshen hanji, inda wata ƙwaya mai suna Clostridium perfringens ke jiransa. Tana nan dama a cikin kaji masu lafiya, amma kaɗan. In ta samu furotin da yawa sai ta yi ninkin nan da muka lissafa, ta fitar da guba, ta ci bangon hanji. Waken suya da ba a gasa ba yana ɗauke da sinadarin da ke hana narkar da furotin. Wanda aka ƙona kuma furotin ɗinsa ya lalace. Garin kifi marar kyau ma haka. Sai ka ga mutum yana murna ya cika abinci da furotin, alhali rabin kuɗin nasa maƙiyi yake ciyarwa. Alamar farko ba mutuwa ba ce. Kashi ne mai ruwa da ɓurɓushin abincin da bai narke ba, sannan sikeli ya nuna girman ya kwanta kafin lokacinsa.

Zawon jini na kokisidiyosis shi ma lissafin ninki ne. Ƙwan wannan cuta yana fita a kashi, amma a lokacin ba ya iya kama kowa. Sai ya samu danshi, ɗumi da iska na kwana ɗaya zuwa biyu a cikin dusar katako ko ɓuntun shinkafar da ka shimfiɗa kafin ya nuna. Kaza ta tsince shi, ya fashe ya saki 'ya'ya takwas, su shiga bangon hanji su yi ta ninkuwa, cikin kwana huɗu zuwa bakwai dubban sababbin ƙwai su fito. Zagaye na farko ba ka ganin komai. Na biyu ma da wuya. Na uku ne ke fashewa, shi ya sa cutar ta fi bayyana daga sati na uku zuwa na shida. A duk wannan zagaye, wuri ɗaya ne ke hannunka kyauta: kwana biyun nan na danshi. Ka damƙi shimfiɗar a hannu, in ta dunƙule ta ƙi wargajewa, ta jiƙe. Kwashe ta ƙarƙashin mazubin ruwa kullum, musamman a Agusta. Kuma hanjin da kokisidiya ta yi wa rauni shi ne Clostridium ta fi samun shiga.

Sai maganar 'yan tsaki. Tsakon kazar gida yana samun ƙwayoyin hanjinsa daga uwarsa, yana bin ta yana tsattsage inda ta taka. Tsakon inji bai taɓa ganin uwa ba. Yawancin waɗanda muke saye daga wajen Ibadan suke tasowa, su kwana a mota kafin su iso Funtuwa, hanjinsu kusan fili ne da ba a gina ba. Wanda ya riga sauka shi ne mai unguwa. A 1973 wani masani a ƙasar Finlan, Esko Nurmi, da abokiyar aikinsa suka nuna cewa in aka ba tsako ƙwayoyin hanjin babbar kaza mai lafiya, Salmonella na shan wahalar kama shi. Daga irin wannan bincike ne furobayotik na kaji ya samu gindin zama. Ba cewa na yi ka ɗebo kashin kajin gida ka ba tsakinka ba, wannan gayyatar cuta ce. Abin da nake so ka gani shi ne, al'adar nan ta zuba antibayotik kwana biyar na farko "don rigakafi" ba ta bambance mai kyau da mugu. Tana share filin ne, waɗanda suka jure maganin su gaje shi da ninki. Tarayyar Turai ta hana amfani da antibayotik don ƙara girman dabbobi tun 1 ga Janairun 2006. In kaji ba su da lafiya, a nemi likitan dabbobi, a ba da magani daidai adadi da kwanaki, a kuma kiyaye kwanakin jira da ke jikin takarda kafin yanka.

Masu turke ragon layya ma kun san wannan lissafi ko ba ku san sunansa ba. Rago ba shi ke narkar da harawa ba, ƙwayoyin tumbinsa ne. Ka cika masa masara rana ɗaya, masu son sitaci su ninku cikin awoyi, tumbi ya yi tsami, masu cin ciyawa su mutu, rago ya kwanta. Shi ya sa ake ƙara hatsi kaɗan-kaɗan cikin sati biyu. Haka ma sauya wa kaza abinci daga sitata zuwa finisha, a gauraya na kwana uku ko huɗu.

Masu tarwaɗa, naku lissafin zafin ruwa ne ke jan sa. Kifi ba ya ɗumama jikinsa, jikinsa da ƙwayoyin cikinsa suna tafiya ne da zafin ruwa. Tarwaɗa ta fi ci da girma a wajen digiri 26 zuwa 30. A Disamba da Janairu, da hunturu ya sauka, ruwan tankin tamfol yana yin sanyi sosai da asuba, narkar da abinci ta ragu. In ka ci gaba da zuba adadin da kake zubawa a Oktoba, ragowar ruɓewa za ta yi. Ko wanda suka ci ma yana da haraji: kowane kilo na abinci mai furotin kashi 35 yana sakin kusan giram 30 na ammoniya a ruwa. A lokacin sanyi ka jira rana ta ɗaga kafin ka ciyar, ka kuma auna samfurin kifin duk sati biyu don ka gyara adadin abinci da nauyinsu na yanzu.

Akwai gargaɗi ɗaya game da jadawalin girma da kamfanonin Cobb da Ross ke fitarwa, wanda ake ta yaɗawa a WhatsApp. Alƙaluman gaskiya ne, kuma jinin waɗannan kaji abin mamaki ne. Wani bincike na Jami'ar Alberta a Kanada da aka buga a 2014 ya kiwata irin 1957 da irin 2005 da abinci iri ɗaya. A kwana 56 na farkon ya kai giram 905, na biyun ya haura kilo 4. Amma an tsara jadawalin ne don ɗaki mai daidaitaccen sanyi da abinci cikakke. Babbar buroila ta fi jin daɗi a wajen digiri 18 zuwa 24. Ƙanƙara a Afrilu tana taɓa 40. Kaza ba ta gumi, haki take yi, kuma abu na farko da take yi in zafi ya dame ta shi ne rage ci. Don haka lanƙwasarka ta bazara za ta kwanta da wuri fiye da ta hunturu, ranar sayarwarka ma ta matso. Noiler da kajin gida nasu layin daban ne, a hankali yake tafiya. Shika Brown da cibiyar NAPRI ta Shika, Zariya, ta samar kuwa kazar ƙwai ce, ba a auna nasararta da yawan kilo. Kar ka ɗora jadawalin wata a kan wata.

Yadda za ka zana naka layin ba wuya. Zaɓi rana ɗaya a mako, da safe kafin ka zuba abinci. Kama kaji goma cikin ɗari, ba manyan da suka burge ka ba, duk wadda hannu ya kai daga kusurwa daban-daban. Auna su da sikelin rataya, raba da goma. Rubuta kilo nawa na abinci ya ƙare a makon, raba da yawan kajin da suka rage. Raba abincin da ƙarin nauyin, FCR ɗin mako ke nan. In ya yi tsalle a sati na uku ko na huɗu, lokacin da ya kamata ya kasance ƙasa, ba tsufa ba ne, duba kashi, duba shimfiɗa, duba ruwa, duba ko abincin zubewa yake yi ƙasa. In kuwa a sati na bakwai yake hawa a hankali yana tunkarar adadin nan na farashi, kira mai sayenka.

Wanda yake da kaji a ƙasa yanzu, ya auna wannan makon da mai zuwa, ya ajiye mana a kwamen: shekarun kajin a sati, nauyin farko da na biyu, abincin da suka ci, da kuɗin buhu a garinsu. Za mu buga lissafin tare a nan kowa ya gani.